Taswirar Alhaji na Ƙafa

Kwanakin baya wasu samari biyu suka shigo shagona da ke Bacirawa a Kano, ɗaya riƙe da waya, ɗaya riƙe da taswirar duniya a nannaɗe. Wai sun ga wata Baturiya a waya ta liƙa taswira a kan teburin falo, ta shafa wani abu, ta yi murmushi, shi ke nan tebur ya fito yana sheƙi. So suke in sayar musu da gam da banish su je gida su yi da kansu.

"Baba, ai abin ba wuya," in ji mai wayar. "Ko shayinta bai huce ba ta gama."

Na karɓi taswirar na warware a kan benci, na lasa yatsana na goga a gefe, na goga a tsakiya, na goga a kan teku, na bi sunayen garuruwa ina gogawa. Suka tsaya suna kallona, ɗayan yana danne dariya.

"Baba, me kake nema ne?"

Na ce su jawo kujera su zauna. Tunda yaran yanzu sun ɗauka sana'a a waya ake koyonta, abin da na faɗa musu ran nan shi zan rubuta a nan, ko wani zai karanta kafin ya lalata takardar da ba ta da ta biyu.

Sunana Habu, Habu Kafinta ake ce mini. A Kunci na koyi aikin nan, a hannun yayana Ado, Allah ya jiƙansa. Shi ya yi zaman Kano a wajen wani kafinta mutumin kudu da ke yi wa ma'aikatan kamfani kujeru, a can ya ga yadda ake liƙa takarda a katako a rufe ta da banish. Da mahaifinmu ya gaza noma, sai Yaya ya dawo gida ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Abincinmu na kullum ƙyaure ne da benci da gado da akwatin amare. Teburin taswira aikin marmari ne, amma shi ya fitar da sunanmu har ƙauyukan kewaye.

Na daɗe ina gugar katako kafin Yaya ya bari na taɓa takarda. Samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, har sai yatsuna sun daina jin zafin tuwo. In na ce na gama, sai ya rufe ido ya shafa katakon da bayan hannunsa. In ya ji ƙwaya ɗaya, ba ya magana, miƙo mini samfefar kawai yake yi. A lokacin haushi nake ji ƙwarai, ina ganin mugunta ce irin ta yayye. Daga baya na gane cewa duk abin da ka bari a jikin katako, takarda sai ta nuna shi. Ko kan ƙusa ne ba ka nutsar ka cike ba, bayan damina ɗaya tsatsa za ta ɓullo ja a tsakiyar teku, mai tebur ya zo yana tambaya wane tsibiri ne wannan.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa ake raina su. Akwai kwalbar lemo mai santsi, da ita ake murza takarda daga tsakiya zuwa baki don iska ta fita. Akwai allura, in kumfa ta ƙi fita a huda ta a danne. Akwai reza sabuwa fil, don tsohuwa yaga take yi. Akwai buroshi mai laushi, wanda Yaya ba ya ara wa kowa ko da limami ne. Sai gidan sauro. Da na ambaci gidan sauro samarin nan suka fashe da dariya, na ce su yi dariyarsu. Ka shafa banish a bakin kasuwa ka juya baya, ka dawo ka tarar ƙuda ya mutu a kan Masar da ƙafafunsa a sama, sannan za ka san amfanin gidan sauro. Kuma ba sau ɗaya ake shafawa ba. A shafa, a bari ya bushe, a goge sama-sama, a sake shafawa, har sai ka rufe ido ka kasa jin inda takarda ta ƙare katako ya fara.

Taswirorin kuwa daga makarantun firamare muke samu. Duk lokacin da aka ƙara jihohi, sai tsofaffin taswirori su zama ƙarya, a sauke su daga bango. In ba mu yi sauri ba masu ƙosai ke riga mu. Na taɓa sayen ƙosai na tarar an ƙunshe mini shi a cikin rabin jihar Arewa maso Yamma, na kusa yin kuka.

Wani aiki da ba na mantawa shi ne na wani direban babbar mota. Taswirar hanyoyi ya kawo, duk ta sha man inji, ya ce lallai a bar tabon man yadda yake, don kowane tabo wurin da motarsa ta taɓa lalacewa ne. Wani kuma manomi ne mai hali, muka yi masa na duniya, ya zo ɗauka ya yi ta dube-dube, sai ya murtuke.

"Ado, ina Kunci a nan?"

"Alhaji, ai ta duniya ce. Ko Kano da ƙyar ta samu ɗigo."

"To mu ba a duniya muke ba? Wallahi ba na ɗauka sai na ga garinmu."

Dole Yaya ya kankare ɗan wuri, ya ɗiga jan fenti, ya sake rufewa. A teburin mutumin nan Kunci ta fi Landan girma.

Limamin unguwarmu kuma shi ya koya mana abin da mutumin kudu bai koya wa Yaya ba. Ya tsaya a rumfa yana kallon wani tebur da muka gama, sai ya ce, "Yanzu nan wani zai zo ya dire kofin shayi a kan Makka?" Mu kuwa ba mu taɓa tunanin haka ba. Tun daga ranar, duk taswirar da Makka ta fito a ciki, sai Yaya ya kafa wata 'yar ƙusar tagulla mai tudun kai a gefen wurin. Kofi ba ya zama a nan, ko baƙo bai san dalili ba zai matsar da shi.

Haka muke har shekarun wahala suka zo. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, shekara ta zagayo ya sake yin haka. A lokaci guda gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, kayan waje suka ɓace daga kasuwa. Mutum ya wuni a layi don sabulu. Abin da ya fi girgiza ni shi ne ranar da mutane suka fara dawo mana da gadajen da muka yi musu, wai mu saya. Matar da na kai wa akwatin aure da hannuna, ita ce ta turo shi a kan jaki, kanta a ƙasa. Teburin manomin nan mai jan ɗigo ma na gan shi a kasuwa, an musanya shi da dawa. Magidanta suka riƙa tafiya Kano cin rani, damina ta zo ba su dawo ba.

A wajen aikinmu abu biyu suka yanke. Na farko farin gam na gwangwani. Na biyu sila, wani ruwa ne mai kama da banish amma tsararo, mai saurin bushewa. Da shi muke fara shafe takarda gaba da baya, sai ta zama ba ta jin ruwa, komai aka rubuta a kanta ya zauna daram. Na je Kano na zaga duk inda na sani, na dawo da gwangwanin banish guda da ƙyar, sila kuwa ko ƙamshinta ban ji ba.

Sai muka koma ƙaro. Mu jiƙa, mu tace, mu zuba ɗan ruwan darbejiya don gara. Ana iya yi da sitacin rogo, amma Yaya ya ce ba zai shafa wa katako abinci ba alhali maƙwabta na kwana da yunwa. Matsalar ƙaro ita ce yana jan busasshiyar takarda ta yamutse. Maganin haka shi ne a fara tsoma takardar a ruwa mai tsabta ta saki jiki, a tsane ta, sannan a liƙa. Muka sa wani maƙeri ya yi mana faffaɗan tire da kwanon rufi. Ƙa'idar Yaya ita ce kafin ya tsoma, sai ya lasa yatsa ya goga a kusurwar takarda. In launi bai biyo yatsa ba, bugun inji ne, ruwa ba ya yi masa komai. Mun yi haka sau da dama ba a taɓa samun matsala ba.

A cikin wannan hali Sa'idu Tela ya zo mana da aiki. Sa'an Yaya ne, mutum mai sanyin hali, kekensa na ɗinki na can ƙarshen layinmu. Mahaifinsa shi ne Alhaji na Ƙafa. Ana ce masa haka don da ƙafa ya je Makka tun kafin jirgi ya zama ruwan dare, ya yi shekaru a hanya yana tafiya yana tsayawa neman guzuri. Da matarsa ya tafi. A hanya aka haifi Sa'idu, a hanya kuma ta rasu tun yana goye, can tsakanin Abeshe ta ƙasar Cadi da Fashir ta Sudan, a wani ƙauye da ba kowa ya san shi ba. Tsohon bai taɓa yin zancenta da ɗansa ba. Sa'idu ɗan fari ne, kuma Alhaji mutumin da ne mai alkunya, ko sunansa ba ya kamawa. "Kai wannan" yake ce masa, har furfura ta fara fito wa Sa'idu.

Sa'idu ya zo da katakon teburinsa na yankan yadi ɗauke a ka, da gafaka a rataye. Ya wanke hannu kafin ya buɗe gafakar. Taswira ce bugun ƙasar Larabawa, tun daga tafkin Cadi har Bahar Maliya da Makka, duk sunayen da Larabci. Ta yi ja saboda tsufa, duk inda aka ninke ta ya fara rabewa. Rubutu ne ƙanana-ƙanana cunkus, babu wasali, irin wanda mu da muka tsaya a allo ba ma iya haɗa shi.

Ya nuna wani wuri da ya yi laushi yana ɗan sheƙi, bai bari yatsansa ya taɓa ba.

"Nan Innata take," in ji shi. "Bana Baba ya fara nuna mini. Tunda ya fara ruɗewa kullum sai ya fito da ita ya ɗora yatsa a nan. Sunan ƙauyen na nan a jiki, da kwatancen inda aka sa ta. Na yi na yi in karanta na kasa. In na tambaye shi, yau ya faɗi wannan suna gobe ya faɗi wancan, sai ya ce in ƙyale shi, ai yana rubuce."

"Me ya sa ba ka kai wa malam ya kwafe maka ba?" in ji Yaya.

"Dubi yadda take, Ado. Hannu ɗaya ya ƙaru a kanta ta tashi aiki. Ka fara kama mini ita a katako, sannan in kira malam ya zauna ya karanta a tsanake. In Allah ya kawo sauƙi ina so in je in tsaya a kanta ko sau ɗaya ne."

Yaya ya ce a jira a samu sila. Sa'idu ya ce takardar ba za ta jira ba, yatsan tsoho na cinye ta kullum, kuma in ya ɓoye ta tsohon ba ya cin abinci. Tebur yake so gajere, wanda za a ajiye a gaban buzun Alhaji ya taɓa yadda yake so. Yaya ya dubi takardar ya dubi Sa'idu, sannan ya ce to.

Da hantsi muka fara. Ni ina gefe ina gugar katakon. Na ga Yaya ya lasa yatsa ya goga a kusurwa, inda zanen kewaye yake, ya duba yatsan, fes. Ya goga a ɗaya kusurwar, fes. Ya zuba ruwan rijiya a tire, ruwan da a shekarar nan sai an yi sammako ake samu. Na ba shi baya na ci gaba da aikina. Na ji ya yi bisimilla, na ji takarda ta kwanta a ruwa.

Can sai na ji ya ce, "Habu."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na juya. Wallahi abin da na gani har yau yana idona. Baƙin zare-zare ne ke tashi daga jikin takardar yana bazuwa a ruwa kamar hayaƙi. Kuma ba ko'ina ba. Manyan garuruwa na zaune abinsu, teku na nan, duwatsu na nan. Amma layi guda tun daga yamma har gabas, duk ƙananan rubutun da ke tsakanin garuruwan, yana narkewa a gaban idonmu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Cire ta, Yaya, cire ta!"

Ba a fizgar tsohuwar takarda in ta jiƙe, a hannu za ta dagargaje. Dole ya zura tafukansa a ƙarƙashi ya ɗago ta a hankali, ruwa na bi ta kanta yana ƙarasa abin da ya rage. Kafin mu shimfiɗa ta a kan tsumma an gama. Inda rubutu yake sai wani dishi-dishin toka. Wurin da Sa'idu ya nuna yana nan da laushinsa da sheƙinsa, babu ko harafi ɗaya a kai.

Na rasa abin yi, sai na sunkuya na kama tiren zan watsar da ruwan. Yaya ya daka mini tsawa har masu awo suka waiwayo.

"Kada ka zubar!"

Ya tsoma yatsa ya kai bakinsa. Ni ma na yi haka. Duk wanda ya taɓa wanke allo ya san wannan ɗanɗanon, gawayi da ƙaro. Tawadar allo ce, wadda aka yi ta musamman don ruwa ya ɗauke ta. Ashe rabin abin da muka ɗauka bugun inji ne, hannun mutum ne ya rubuta, hannu mai kyau da ya saje da bugun har ba a bambancewa. Yaya ya zame ya zauna a ƙasa cikin garin katako. Mutumin da ban taɓa ganin ya karkace layi ba, ga shi zaune baki buɗe, ya kasa ko salati.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce in samo sabuwar ƙwarya. Rubutun matafiyi ba ya rasa bisimilla da addu'a, ba a zubar da irin wannan ruwa inda ƙafa ke takawa. Muka juye shi a hankali, ko ɗigo bai zuba ba, muka rufe da faifai.

Yaya bai aiki kowa ba, da ƙafarsa ya je ya kira Sa'idu. Sa'idu ya zo da tef ɗin awo a wuya, ya sunkuya a kan takardar. Ya duba, ya matsa gefe ya sake dubawa ta wajen haske. Sai ya yi wata 'yar dariya da ta sa tsigar jikina ta tashi.

"Ina yake?"

Ya ɗago ya dubi Yaya.

"Ado, ina rubutun? In ta bushe zai fito, ko?"

"Ba zai fito ba, Sa'idu. Yana cikin ƙwaryar nan."

Sa'idu ya ɗaga faifan ya leƙa baƙin ruwa. Da ya zage mu, ko ya ɗauki guduma, da ya fi mana sauƙi. Sai kawai ya ce a hankali, "To ku mayar mana. Ku da kuka iya aiki, ku mayar." Ya faɗa ya sake faɗa. Mutane suka fara taruwa, kowa ya ji abin da ya faru sai ya kama baki.

Saura tsoho. Sa'idu ya ce shi ba zai iya faɗa masa ba. Yaya ya ce shi zai faɗa, tunda a hannunsa ta faru. Muka ɗora taswirar a kan falanki, ni na ɗauka, Yaya ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, Sa'idu na biye. Haka muka ratsa kasuwa ana buɗa mana hanya, ba mai tambaya.

Muka tarar da Alhaji na Ƙafa a zaure a kan buzunsa. Idonsa ya yi rauni, amma ya gane muryar Yaya. Muka durƙusa muka gaishe shi, na ajiye falankin a gabansa. Kafin Yaya ya buɗe baki, tsohon ya miƙa hannu. Yatsansa bai yi lalube ba, kai tsaye ya sauka a wurin nan. Ya ji danshi. Ya kai yatsan hanci.

"An wanke ta?"

"An wanke, Baba," in ji Yaya. "Ni ne. Na ɗauka duk bugu ne."

"A'a, ni na rubuta," in ji tsohon, kamar mai ba da labarin wani. "A kan hanyar dawowa. Na saye ta a bakin teku, na ga ba su sa ƙauyukanmu ba. Duk inda muka sauka sai in sa. Ba ni da tawadar kirki, ɗa a kafaɗa, ba ko anini. Gawayin murhu nake niƙawa, ƙaro kuwa ga shi nan a itatuwa."

Sa'idu ya matso da gwiwa. "Baba, sunan garin. Ka daure ka tuna. Yanzu ga alƙalami, sai a rubuta."

Tsohon ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Ya faɗi wani suna, sai ya girgiza kai, ya ce a'a, nan jaki ya mutu. Ya faɗi wani, ya ce a'a, nan ne aka yi mana sata. Ya ce akwai rijiya, akwai wata itaciya, ko aduwa ce ko magarya. Ya ce mutanen kirki ne, matansu suka yi mata wanka. Ya daɗe yana nema, gumi na tsattsafo masa a goshi. Daga ƙarshe ya buɗe ido.

"Ya tafi," in ji shi.

Na ji Sa'idu ya saki numfashi kamar an naushe shi a ciki. Yaya ya kifa goshinsa a ƙasa yana cewa a yafe masa. Tsohon bai ko juya wajensa ba.

"Ruwan fa? Kun zubar?"

"Ga shi nan, Baba. Ba mu zubar ba."

"Madalla. Kun yi hankali."

Yaya ya tura ƙwaryar gabansa. Alhaji ya ɗauke faifan, ya tallafi ƙwaryar da hannu biyu, ya yi bisimilla. Na ɗauka sha zai yi. Sai na ga ya miƙa ta gaba.

"Sa'idu."

Sa'idu ya ɗago a firgice. Mu ma duk muka ɗago. A garin nan kaf babu wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin tsohon.

"Sa'idu, karɓi ka sha. Ba ka sha nononta ka ƙoshi ba."

Ya karɓa. Ruwa ne mai yawa, ga ɗacin gawayi, ga ƙamshin tsohuwar takarda. Bai sauke ƙwaryar ba sai da ya shanye tas, hawaye na zuba a ciki yana haɗawa da su. Ni dai na kasa tsayawa, na fita waje na jingina da bango.

Teburin mun gama shi. Yaya bai taɓa yin aiki mai kyansa ba, ko kumfa ɗaya babu, ya kafa ƙusar tagulla a gefen Makka, ya ƙarar da gwangwanin banish ɗin nan duka a kansa. Ranar da aka kai shi, ya dawo rumfa ya miƙo mini kwalba da allura da buroshin da ba ya ara wa kowa. Har ya bar duniya ƙyaure da benci kawai ya yi, ko takardar siminti ba ya so ya ga an jiƙa a gabansa. Ni kuwa tun daga ranar ban yarda da kusurwa ba. Duk takardar da ta shigo hannuna sai na bi ta gaba ɗaya da yatsa, kuma sai na tambayi mai ita ko wani ya taɓa ɗora alƙalami a kai. In ya ce bai sani ba, ba ta ganin ruwa a shagona.

Da na kai nan, samarin nan babu mai dariya. Mai wayar ya riga ya sa ta a aljihu. Ɗayan ya ce, "To Baba, ya je ya nemo kabarin?"

Na ce masa a taswirar nan, faɗin yatsan tsoho kaɗai tafiyar kwanaki ce a ƙasa, ƙauyuka birjik, kowanne da rijiyarsa da itaciyarsa. Ta ina zai fara? Bai je ba. Alhaji ya yi ta ɗora yatsa a wurin har Allah ya karɓi abinsa, teburin kuma yana nan a zauren gidan a Kunci.

Duk bayan 'yan shekaru akan ɗoro shi a mota a kawo mini nan Bacirawa. Ko'ina na jikinsa lafiya lau, aikin Yaya ba ya tashi. Wuri ɗaya ne kawai banish ke cinyewa, tsakanin Abeshe da Fashir, inda babu rubutu. In goge, in shafa, in rufe da gidan sauro, in mayar. Sa'idu ya tsufa yanzu, idonsa ya daina ganin ramin allura. Yatsansa ne ke cinye wurin.